Ramukan soson kolajin suna fitowa dogaye a hoton SEM

Ɗan Bincike: Assalamu alaikum malamai. Ina haɗa soson kolajin (furotin mai zare-zare) nau'in I na jijiyar saniya, kashi 0.5 cikin ɗari a asid ɗin asetik 0.05 M, don renon ƙwayoyin halitta. Ina daskarar da shi a firiza mai -80°C kafin busarwa a na'urar da ke zuƙe ƙanƙara daga daskararren abu. A hoton SEM, wato madubin ƙara girma mai aiki da ilektiron, ramukan dogaye ne, duk sun fuskanci gefe guda, saman kuma ya toshe. Daga haɗin ne ko daga ɗaukar hoton?

Malama Kimiyya: Wa alaikumus salam. Firizar ce. Kowane rami gurbin ƙanƙara ne da ta tashi lokacin busarwa, kuma idan sanyi ya buga farat ɗaya ƙanƙarar miƙewa take daga inda ya fara shiga. Zuba haɗin a farantin ƙarfen da ba ya tsatsa mai shafaffen gindi, ka ɗora kan shelf ɗin na'urar busarwar kanta. Sauke zafi digiri 1 a minti har -40°C, a tsaya minti 60, sannan a ɗaga zuwa 0°C a zuƙe iska zuwa matsin 200 mTorr na awa 17. Ramukan za su zo kusan maikiromita 100. Idan ka tsaya a -10°C sukan kai wajen 150. Ka dama a 4°C, don zafin injin damawa yana lalata kolajin, kuma ka zuƙe kumfa kafin zubawa.

Mai SEM: Toshewar saman abu ne da aka saba gani, Malam, gefen da ya kalli iska haka yake yi. Cikin za ka duba. Almakashi yana murƙushe bangon ramuka, don haka yanka da sabuwar reza, ko ka tsoma a ruwan naitirojin ka karya. Shafa zinariya nanomita 5 zuwa 10, ka ɗauka a 5 kV. Idan hoton yana yin farin ƙyalli, caji ne ke taruwa: ƙara shafin, ka haɗa gefen samfurin da mazauninsa da tef ɗin kabon.

Abu Injiniya: Kada ka jiƙa shi kafin ka ɗaure zaren kolajin, in ba haka ba zai motse. Gasa shi a 105°C na awa 24 a tandar da aka zuƙe wa iska, ko ka yi amfani da EDC da NHS, sinadaran da ke ɗaure zaren. Sannan girman da SEM ke nunawa na busasshe ne, ƙwayoyin kuwa a jiƙaƙƙe suke zama. Auna girman ramukan jiƙaƙƙen da madubin konfokal mai aiki da hasken leza, amma ka guji gulutaraldehaid, wani sinadarin ɗaure zare, a samfurin, yana sa shi haske da kansa ya rufe launin da ka rina.