Neman shawara: ina so in fara sayar da hotuna a intanet da tsohuwar kyamara

Mai tambaya, daga Garwa:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Kusan shekara biyu ke nan ina ɗaukar hotunan biki da suna a unguwarmu da wata tsohuwar kyamara ƙirar Canon da kawuna ya bar mini, sai kuma wayata. Na ji cewa akwai kamfanonin da mutum ke ajiye hotunansa a wurinsu, duk lokacin da aka saya a ba shi kasonsa. Shin kayan nan nawa za su wadatar, ko sai na tara kuɗin sabuwar kyamara tukuna? Kuma ta wace hanya kuɗin ke isowa hannun wanda ke zaune a Kamaru?

Amsa daga Marwa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sayi komai yanzu. Shutterstock da Adobe Stock, biyu daga cikin irin kamfanonin da kake nufi, duk suna karɓar hoton JPEG da girmansa ya kai megafiksel 4, kuma wayarka ma ta wuce wannan. Abin da ke sa su mayar da hoto shi ne ya fita dishi-dishi, ko ya cika da ɗigo-ɗigo saboda an ɗauke shi cikin duhu an ɗaga ISO (ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske), ko kuma tabon ƙura ya bayyana a sararin sama, wanda mu da muke fama da hazon hunturu mun fi kowa saninsa. Saboda haka ka riƙa fita da sassafe ko bayan la'asar, ka goge gilashin kyamara, kuma kafin ka tura kowane hoto ka buɗe shi a kwamfuta ka ƙara girmansa ka duba shi lungu-lungu.

A ganina jarinka na gaskiya shi ne wurin da kake zaune. Hoton faɗuwar rana da na fure sun yi musu yawa, ba mai waiwayar naka. Amma masunta a kogin Binuwai, da tarin auduga ranar awo, da dashen muskuwari, wato dawar rani, bayan ɗaukewar damina, da buhunan albasa, da hannun baduku yana ɗinkin fata, waɗannan mai ɗaukar hoto na Faransa sai ya biya kuɗin jirgi kafin ya same su, kai kuwa da ƙafa za ka taka.

Amsa daga wata 'yar'uwa a Ngaundare:
Malam, hotunan biki da sunan nan amana ne, kada ka tura ko ɗaya. Duk wanda ake iya gane fuskarsa sai ya sa hannu a takardar amincewa kafin a sayar da hotonsa don talla, idan yaro ne kuwa iyayensa ne za su sa. Ka kuma fahimtar da shi cewa hoton zai iya bayyana a tallar da bai taɓa zato ba. Idan babu takardar, Shutterstock na iya karɓarsa a matsayin hoton labari kawai, tare da rubuta wuri da ranar da aka ɗauka. Tambarin kamfani a riga ko a jikin babur ma yana hana hoto shiga sahun talla. Barikin soja, da filin jirgin sama, da shingen jandarmomi kuwa, ko kyamarar kada ka ɗaga a kusa da su.

Amsa daga Injamena:
Batun kuɗi gara ka ji shi tun yanzu, ɗan'uwa. Adobe Stock na ba da kashi 33 cikin 100. Shutterstock na farawa da kashi 15, yana hawa har 40 gwargwadon yawan cinikinka, sannan kowace Janairu a mayar da kai matakin farko, kuma akwai cinikin da kasonka ba zai kai sefa 100 ba. Adobe ba ya biya sai ka tara dala 25, ta Amurka nake nufi, ba dalar kasuwarmu ba. Ni sai da na yi wata bakwai kafin na karɓi na farko, don haka kada ka saki aikin bikin da ke ciyar da kai. Ka buɗe asusun Payoneer, kamfanin da za a riƙa turo maka kuɗin ta hannunsa, da sunan da ke jikin katin shaidarka daidai, ka kuma cika takardar harajin Amurka ta W-8BEN. Tun da ƙasashenmu ba su da yarjejeniyar haraji da Amurka, za a cire kashi 30 daga kasonka na abin da masu saye na can suka saya.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Sai dai da Faransanci na yi karatu, Ingilishina bai da ƙarfi. Yaya zan yi da bayanin hoto?

Amsa daga Marwa:
Adobe Stock na karɓar kalmomin nema, wato waɗanda mai saye ke rubutawa don ya samo hoto, da Faransanci, ka fara da shi, ka jera mafi muhimmanci a goman farko. Ka rubuta sunan gari da na ƙasa yadda suke a taswira, wato Garoua da Cameroun, domin da su mai saye zai nema. Zaɓi hotuna 20 mafi kyau ka sa mana a nan ranar Juma'a mu duba kafin ka tura.