Idan ƙananan jirage suka yi karo a sama: shawarwarin matuƙa a taƙaice

A kan yadda ake kauce wa karo da abin yi in ya faru, abin da matuƙan jiragen sama suka fi nanatawa shi ne, yawancin karon nan da rana tsaka yake faruwa, sararin sama garau, kusa da filin sauka. Jirgi mai fiffike a ƙasan jikinsa yana saukowa, mai fiffike a saman jikinsa yana ƙarƙashinsa, babu mai ganin wani. Suka ce jirgin da ka hango a gilashi bai gusa ba, sai ƙara girma yake, to kanka ya nufo. In kun yi gaba da gaba, kowa ya karkata dama.

Idan an riga an gogu, ka fara riƙe jirgin tukuna, rediyo daga baya: kiran neman agaji na Mayday a mitar gaggawa 121.5, sannan ka sa lambar gaggawa 7700 a na'urar da ke nuna jirginka a radar. Tun kana sama ka rage gudu sannu a hankali, ka ga inda jirgin ya fara ƙin jin sitiyari, kada ka sake kusantar wannan gudun. Filaf kuwa, wato ɓangaren bayan kowane fiffike da ake saukarwa lokacin sauka, mafi yawansu sun ce a bar shi yadda yake, ni ma nan na tsaya, don in ɗaya ya sauka ɗaya ya maƙale, jirgin zai mirgina. Nemi titi mai tsawo, ka sauka da ɗan ƙarin gudu.