Abin da na tsinto daga maganar tattalin kuɗin gida

Jama'a maganar da aka yi kan yadda za a tattala kuɗin gida ta yi tsawo, ga abin da na haɗa daga shawarwarin da mutane suka bayar.

1. Kusan kowa ya yarda a rubuta duk abin da aka kashe na wata guda, har ɗan canjin da ake rainawa, don nan ne kuɗi ke zurarewa ba ka sani ba.

2. Albashi na shigowa a cire na ajiya tukuna, in ka ce sai abin da ya rage wallahi ba abin da zai rage.

3. Tsarin 50/30/20, wato kashi 50 cikin 100 na albashi buƙata, 30 sha'awa, 20 ajiya. Nan aka rabu, wasu sun ce ya yi musu, wasu suka ce haya da cefane kaɗai sun cinye fiye da rabi to ina 20 ɗin zai fito. Ni dai na fi karkata ga masu cewa a fara da ko 5 ne.

4. Kar a je kasuwa ba lis. Abin da ba dole ba a bari ya kwana.

5. A raba kuɗi ambulan-ambulan, kowace hidima da tata, in ta ƙare shi ke nan. Wasu sun ce akawun na daban mara kati ya fi, tsabar kuɗi a hannu ba ta jimawa.

6. Bashi ma ba a daidaita ba, ko ƙarami za a fara biya ko wanda ya fi matsa wuya.