Na kai ziyara otal ɗin Rail Band a Bamako, kawu ya ce na je gidan rawa

Direban Ƙonni:
Jama'a ku yi min shari'a don tun jiya raina a ɓace yake. Watan da ya wuce na kai kaya Bamako, da aka gama saukewa na bar yaron motata da mota na hau taksi na kai ziyara Buffet Hôtel de la Gare, tsohon masaukin nan da ke jikin tashar jirgin ƙasa inda aka kafa ƙungiyar makaɗa ta Rail Band a 1970. Mahaifina Allah ya jiƙansa yana da kaset ɗinsu guda ɗaya wanda har rubutun jikinsa ya goge, in zaren ya tsinke sai ya liƙe da jan farcen innarmu ya naɗe da biro, da wannan kiɗan muka tashi a gidanmu. Da na tsaya ina kallon ginin tashar nan wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Na dawo gida ina nuna hotuna sai kawuna ya ce a gaban mutane wai na ɓarnatar da kuɗin taksi don kallon gidan rawa. Ni maganata ɗaya ce, duk Afirka ta Yamma babu ginin da ya fitar da manyan mawaƙa kamar wannan, Salif Keita da Mori Kante da Jalimadi Tunkara mai gita duk nan suka yi suna, ya kamata duk mai son kiɗa ya je ya gani da idonsa.

Malamin Allo:
Allah ya jiƙan mahaifinka. Amma ɗan'uwa ka gyara harshenka, ziyara kuma? Ziyara Madina ake kaiwa, ko maƙabarta, ko wajen iyaye da malamai. Otal da ake kiɗa da daddare ka ce ka kai masa ziyara? Ka ce ka je kallo mana.

Maman Ummi:
Haba Malam, to shugaban ƙasa in ya je Faransa me rediyo ke cewa? Ba ziyarar aiki ba? Mu da muke zuwa asibiti lokacin ziyara fa, Madina muka je?

Malamin Allo:
Hajiya can mutum ake ziyarta, mai rai. Shi gini ya je ya tsaya yana kuka, ai ni kukan ne ya ɗaga min hankali, daga nan ake farawa.

Ɗan Zango Kumasi:
Mu nan Zango in ka je ganin ko ma mene ne ziyara muke cewa, kada a mayar mana da Hausa ta mutum ɗaya. Kuma ubansa ya tuna ya yi kuka, ba bulo da siminti ba, ku ji tsoron Allah.

Baban Sadiya:
Ni ba ruwana da ziyara, gyara ɗaya zan yi. Ba gidan rawa ba ne kamar yadda kawunka ya ɗauka. Hukumar jirgin ƙasa ta Mali ce ta ɗauki nauyin ƙungiyar, albashi ake biyansu kamar ma'aikata, su yi wa matafiya da 'yan kasuwan da ke sauka daga jirgin Dakar wasa. Wannan layin dogon ya iso Bamako tun 1904, aka haɗe shi da Dakar a 1924, kun ga otal ɗin masaukin baƙi ne tun asali. Tijjani Kone mai busa sakso shi ya tara su, suka ɗauko tsoffin waƙoƙin Mande, wato al'ummar Mali da Gini, na maroƙa suka ɗora a kan gita da ƙaho da salon kiɗan Kuba da ake yayi lokacin. Abin da ya sa suka bambanta ke nan.

Yarima Mai Kaset:
Baba da girmanka amma ka janye kalmar maroƙa. Salif Keita ba maroƙi ba ne, jinin sarauta ne, zuriyar Sunjata Keita wanda ya kafa daular Mali. Gidansu ma ba su so ya yi waƙa ba don a al'adarsu waƙa ta jeli ce, wato maroƙan gado, ga shi zabiya ana tsangwamarsa tun yana ƙarami a Joliba, ya baro gida ya zo Bamako yana kwana a kasuwa kafin a ɗauke shi. Mutumin da ya sha wannan wahala kada a ce masa maroƙi.

Baban Sadiya:
Yarima ka karanta da kyau, waƙoƙin na ce na maroƙa ne, ban ce shi ba.

'Yar Gidan Makaɗa:
To ni yanzu aka taɓo ni. Mene ne abin kunya a maroƙi da za a ce a janye? Kakana makaɗin fada ne kuma da wannan sana'ar ya ciyar da mu. Mori Kante jeli ne gaba da baya daga Gini, ya shigo Rail Band a 1971 yana kaɗa balafon, abin kiɗan katako da ake bugawa da sanda, da Salif ya tafi shi ya karɓi makirufo kuma otal ɗin bai rasa jama'a ba ko na dare ɗaya. Narambaɗa da kuke sa wa a waya kuna kaɗa kai shi ɗan sarki ne? Sarkin Gobir na Isa yake wa waƙa kuma har gobe babu wanda ya kai shi Hausa.

Yarima Mai Kaset:
Yaya ban zagi kakanki ba. Amma kada ki haɗa muryar Salif da ta Mori, ko kusa. Mori da ya je Faransa ai disko ya koma.

'Yar Gidan Makaɗa:
Diskon da ya sa Turai duka ta yi rawa a 1988 da kora, molon nan mai tsirkiya da yawa, a hannunsa? Mutum ya rasu tun 2020 ka bar shi ya huta. Naka gwanin fa, ba shi ya watsar da Rail Band a 1973 ya koma otal ɗin Motel na Bamako wajen ƙungiyar Ambassadeurs ba, daga baya suka kwashe zuwa Abijan a 1978 yana yabon Seku Ture shugaban Gini na lokacin? Ɗan sarki yana yabon shugaba, wannan in ba roƙo ba mene ne?

Ɗan Funtuwa:
Duk kun ba ni mamaki. Direba ka tsallake ƙasa da ƙasa don otal ɗin Bamako, ka taɓa zuwa Funtuwa ka ga inda Shata ya zauna? Ka san a Daura aka binne shi a 1999? Namu ba su da daraja sai na wasu.

Direban Ƙonni:
Ɗan'uwa aiki ne ya kai ni, kuma son wancan bai hana ni son Shata ba, yana cikin motata kullum.

Malamin Allo:
Kun ga abin da nake gudu, yanzu har an fara kiran mutane zuwa kabarin mawaƙi.

Ɗan Funtuwa:
Malam ai kai ka ce maƙabarta ake kai wa ziyara, ko ka manta?

Mai Kula da Zaure:
Ya isa haka, zan rufe. Abin da na fahimta daga bayanan jama'a shi ne kusan kowa ya yarda Salif Keita ne ya ɗaga sunan otal ɗin nan, in ba don shekaru ukun da ya yi a wurin ba da babu direban da zai biya taksi ya je. Sauran da suka zo bayansa sun yi ƙoƙari daidai gwargwado. Maganar maroƙi Yarima ya fi hujja. Batun ziyara kuma Malam ya yi mana nasiha mun gode, Direba nan gaba ka ce ka je kallo.

'Yar Gidan Makaɗa:
Kusan kowa su wa? Kai da Yarima ne kawai, kuma hoton Salif ne a kan lambarka kowa yana gani.

Direban Ƙonni:
Kafin ka rufe, wanda ke kan kaset ɗin mahaifina ma muryar Mori ce. Na tura wa kawu bayanin Baban Sadiya na albashi da jirgin Dakar, ya karanta bai ce komai ba. In Allah ya sa na samu lodin Bamako bayan sallah da kaset ɗin zan tafi a aljihuna.