Corolla ko Datsun 240Z: Wacce Za Ta Jure Titunan Legas?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. An yi mini tayin Datsun 240Z ƙirar 1972 da aka shigo da ita daga Amurka, kuma kuɗin da ake nema bai yi nisa da wanda na tanada domin sayen Toyota Corolla 'yar tokunbo (wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje kafin a shigo da ita) ta shekarun nan ba. Daga Agege nake zuwa aiki a Victoria Island, kuma mota ɗaya kawai zan iya riƙewa. Raina ya kwanta da Datsun ɗin, amma ina neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Bakaniken Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Alhaji, idan mota ɗaya ce, ka sayi Corolla. Injin 240Z mai silinda shida ne, lita 2.4, da kafireto biyu waɗanda dole a riƙa daidaita su tare, kuma bakaniken da ya iya wannan aiki ya yi ƙaranci yanzu. An ƙera ta ne domin buɗaɗɗen titi, saboda haka idan cunkoso ya tsare ka a kan gadar Third Mainland, kana taka kuloci, babu na'urar sanyi, idonka yana kan allurar zafin inji, za ka gaji kafin ka isa ofis. Abin da ya fi damuna shi ne tsatsa. An san wannan ƙirar da cin tsatsa a ƙasan jiki, ga iskar teku mai gishiri, ga ruwan da ke kwanciya a titi da damina, ita kuwa gajera ce, cikinta kusa da ƙasa. Kayan Corolla kuwa, duk layin da ka shiga a kasuwar Ladipo za ka same su, amma na Datsun sai an yi odarsu daga waje da dala.

Mazaunin Obalende:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai bai kamata a raina motar ba. Nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, tayoyin baya ne ke tura ta, kuma direba yana jin titi a hannunsa ta yadda Corolla ba za ta taɓa ba shi ba. Darajar mai lafiya tana hawa a wurin masu tara tsofaffin motoci, wanda hakan ne ma ya sa arahar wannan ta ba ni tsoro. Kada ka biya ko sisi sai an ɗaga ta an duba ƙasanta, an kuma tantance takardun kwastan.

Hajiya Mai Shago:
Ɗan'uwa, ka tuna da iyali. Kujera biyu ce da ita, ba ta da jakar iska mai kare mutum a lokacin hatsari ko birkin ABS mai hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, shan man mota ya zama abin lissafi, kuma a nan Corolla ta yi mata nisa.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan sayi Corolla. Malam, duk da haka ina roƙon ka raka ni ranar Asabar mu duba ƙasan Datsun ɗin, domin wani yayana yana da wurin ajiya a Ikeja kuma ya nuna sha'awa.