Tsarewa ko ɗaurewa: wanne ne daidai a labarin kotu?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Jama'a, idan majistare a Kaduna ya tura mutum gidan gyaran hali kafin a gama shari'a, ɗaure shi aka yi?

Malamar Kawo: Wa alaikumus salam. A'a Malam, tsare shi aka yi. Ɗauri sai bayan an yanke hukunci. Sashe na 36(5) na tsarin mulkin 1999 ya ɗauke shi mara laifi har sai an tabbatar, don haka "wanda ake tuhuma" za ka rubuta. Rubuta "ɓarawo" kan jawo ƙarar ɓata suna. Haka ma sallama da wankewa: wanda aka sallama kawai ana iya sake gurfanar da shi, wanda aka wanke kuwa ba a sake tuhumarsa kan wannan laifin.

Baban Rigasa: Gaskiya ne Hajiya. "Gurfanarwa" ma daga gurfana take, wato durƙuso gaban alƙali, shi kuma "alƙali" daga Larabci. Wakilin jarida na kirki yakan karɓi takardar tuhuma wajen magatakarda, ya kwafi lambar ƙara, sashen doka, sharuɗɗan beli da ranar da aka ɗage zama. Mai dogaro da hirar lauya a bakin ƙofa ɓangare ɗaya ya ji.