Digiri na biyu a binciken cututtukan dabbobi, Zariya ko Sakkwato?

Ɗan Daura:
Salam 'yan uwa. Na gama karatun likitan dabbobi, na yi bautar ƙasa, yanzu mastas nake so na bincike, musamman kan ciwon huhun shanu da muke gani a kasuwar Mai'adua. ABU ko Ɗanfodiyo, wanne kuka ga ya fi?

Malamar Jami'a:
Wa alaikumussalam ƙanena. Kar ka fara da sunan makaranta, fara neman supabaiza mai aiki kan cutar, ka karanta abin da ya wallafa, ka kira ɗalibansa ka ji ko yana duba aiki a kan lokaci, don wallahi nan ne mutane ke maƙalewa shekara da shekaru. Zariya dai tana da NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, a Shika kusa da ita.

Bakatsine:
Gaskiya ne Hajiya. Kuma ka tanadi kuɗin sinadarai, PCR, wato gwajin gano ƙwayar cuta, na cin kuɗi sosai. Samfur kuwa sai ka yi sammako zuwa kwata da kula cike da ƙanƙara, in huhun ya ɗumama a hanya aikin ya lalace. Wasu gwaje-gwajen sai an kai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, jihar Filato.

Ɗan Daura:
Na gode ƙwarai. Tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, fa?

Malamar Jami'a:
Wannan na malaman manyan makarantun gwamnati ne, sai kana koyarwa.